Dillancin gida da fili: lasisi ake fara nema ko uban gida?

Ɗan Gwale:
Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na gama bautar ƙasa aiki shiru, kuma dama tun ina makaranta nake ɗan haɗa ɗalibai da masu ɗakunan haya wajen Danbare da Rimin Gata ana bani na goro. Yanzu so nake na riƙe dillancin gidaje da filaye sana'a sosai, amma ba irin ta zaman benci ba, so nake nayi rajista na samu lasisi yadda ko kamfani zai yarda ya bani aiki. Wace hukuma ce take bayarwa a Najeriya? Kuma dole sai mutum yayi karatunsa? Ni tattalin arziki na karanta.

Baba Dillali:
Wa alaikumus salam. Yaro zaman bencin da ka raina da shi muka aurar da 'ya'ya muka je Makka. Tun Rijiyar Zaki tana gonaki nake wannan sana'a ba wanda ya taɓa tambayata lasisi. Lasisin dillali mutuncinsa ne, mai unguwa ya sanka, dagaci ya sanka, sarkin dillalan yankinku ya sanka, in ka ci amana gobe ba mai baka ko kejin kaji ka sayar. Ka nemi babba ka zauna a ƙarƙashinsa ka koyi aiki, takarda bata nuna maka filin da ruwa yake kwanciya a cikinsa da damina.

Ɗan Gwale:
Allah ya huci zuciyarka Baba, wlh ba raini bane, ku muka gani muka yi sha'awa. Kawai naga zamani ya canza ne, masu kuɗin yanzu da kamfanoni takarda suke fara tambaya kafin su saurare ka.

ESV Bazazzagi:
Ƙanena bari na raba maka abin gida biyu don mutane suna cakuɗa su. Akwai ƙwararren mai ƙiyasta darajar kadara, akwai kuma dillali mai haɗa mai saye da mai sayarwa. Na farkon shi ne wanda doka ta tsare sosai. Hukumar da take mana rajista sunanta ESVARBON, dokar soja mai lamba 24 ta 1975 ce ta kafa ta, ƙungiyarmu kuma NIESV tun 1969 take. Hanyar tana da tsawo, sai kayi digiri ko babbar difloma a fannin kula da kadarori, ana yi a BUK da ATBU Bauchi da FUT Minna da Kaduna Poli, ka gama bautar ƙasa, kayi aƙalla shekara 2 kana koyon aiki a ofishin wanda yake da rajista, ka ci jarrabawar ƙungiya, sannan hukuma ta baka lamba da hatimi. Da wannan hatimin ne banki yake karɓar ƙiyasinka in mutum zai jinginar da gida, kotu ma haka, wajen biyan diyya ma haka.

Kuma in gaskiya za a bi, dokar tamu ta lissafa saye da sayarwa da bada hayar kadara a madadin wani cikin aikin mai rajista. Sai dai a aikace an bar ƙofar a buɗe kowa yana shiga, mai shayi dillali, ɗan acaɓa dillali, maigadi dillali, shi yasa ake ta kuka. Tunda kai ba fannin ka karanta ba, akwai ƙungiyar AEAN wadda NIESV ta tsaya aka kafa don dillalan da ba masu ƙiyasi ba, suna bada horo su baka shaidar zama ɗan ƙungiya, akwai kuma wata ƙungiyar dillalan mai suna ERCAAN. Amma ka riƙe wannan, katin ƙungiya daban lasisin gwamnati daban, kar wani ya karɓi kuɗinka yace ya baka lasisin tarayya.

Baba Dillali:
To kaji. Ashe mu duk masu laifi ne a wajenku. Kafin a haifi hukumar taku wa yake sayar da gidaje a cikin birni? Kuma ku masu hatimin in an kawo muku gida a Hotoro ko Tudun Yola wa kuke kira ya nemo mai saye in ba mu ba?

ESV Bazazzagi:
Allah ya ja da ran Baba, ban ce ku masu laifi bane, kuma gaskiya ka faɗa ku muke kira, ba ofishin da zai iya aiki a Kano ko Zariya ba tare da dillalan unguwa ba. Abin da nake cewa shi ne a da garin ƙarami ne kowa ya san kowa, yau mutum yana Dorayi zai sayar da fili a Jaba ga wanda yake zaune a Fatakwal ta WhatsApp, to wane mai unguwar ne zai tsawatar masa?

Maman Hanif:
Baba kayi haƙuri zan sa baki, don ni abin a jikina ya faru. Bayan rasuwar maigidana aka raba gado na haɗa tumunin da na samu da kuɗin sarƙata nace bari na saya wa marayun nan fuloti ko hamsin da hamsin ne. Awon igiya ne, wato filin da ba gwamnati ce ta yanka ba, a bayan gari, dillalin da ya kaini dattijo ne har da carbi a hannu, ashe shi ma wani ne ya bashi, wanin ma wani ya bashi, sai ranar biya naga mutane sun cika zaure kowa yana jiran la'ada, mai filin kuwa ban taɓa sa shi a ido ba wai yana tafiya, ƙaninsa ne ya sa hannu. Takarda fallen ɗaya aka bani da tambari da sa hannun shaidu. Da rani na samu ɗan kuɗi na sa aka kai tifar yashi, direban ya kirani yace Hajiya ina zan juye, ai wajen da kika kwatanta an haƙa fandisho har an jera bulo layi uku. Na tafi a Adaidaita jikina yana rawa, na tarar da magina suna kwaɓa siminti, mai ginin ya fito da tasa takardar iri ɗaya da tawa sak, hannu ɗaya ya rubuta, tasa ta riga tawa. Dattijon da ya kaini yace shi ma yaudararsa aka yi, kuma la'adar da ya karɓa ya riga ya ci. Har yau ana kai kawo. Da akwai wata hukuma da take riƙe da sunayensu wadda zan kai ƙara ta ƙwace lasisin mutum ai da sun ji tsoro. Ɗan Gwale ni dai ina goyon bayanka kayi rajistar, ko don irinmu.

Baba Dillali:
Innalillahi. Allah ya bi miki haƙƙinki 'yata, dukiyar marayu wuta ce. Amma waɗannan ba dillalai bane 'yan kayi-nayi ne, mu a ƙa'idarmu ba a biyan kuɗi sai mai abu ya zauna da kansa an ga idonsa, an kira maƙwabtan fili na gabas da yamma da kudu da arewa sun tabbatar da iyaka. Kuma awon igiya kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa, araharsa ce take jan mutane.

Maman Hanif:
To Baba talaka ina zai samu kuɗin awon gwamnati? Kuma ni mace a cikin gida ta yaya zan bambance dillalin gaske da ɗan kayi-nayi tunda duk hula ɗaya suke sawa? Ai amfanin rajistar kenan.

Barista:
Hajiya Allah ya fitar miki, kuma kar ki bari a ce miki maganar sulhu ce kawai. Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu damfara ce, dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara. Ki nemi lauya ko ki je ofishin bada agajin shari'a kyauta da takardarki da shaidar biyan kuɗi.

Ɗan Gwale kai kuma ga abin da zaka iya farawa da shi tun yanzu. Kayi rajistar sunan kasuwanci ko kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka samu lambar haraji, sannan kayi rajista da SCUML, sashe ne a ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, ta intanet ake yi kuma kyauta ce. Masu harkar gidaje suna cikin waɗanda dokar 2022 ta wajabta wa, banki ma ba zai buɗe maka asusun kamfanin ba sai ka nuna satifiket ɗin. Wannan dokar dai ita ce ta hana biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, miliyan 10 ga kamfani, sai ta banki. Kaga al'adar nan ta zuwa da kuɗi a buhu a ƙirga a zaure ta saɓa doka, kuma kai dillali ana so ka san wanda kake hulɗa da shi ka ajiye kwafin katin shaidarsa.

Abin da yafi duk wannan muhimmanci kuma ka fahimci dokar ƙasa ta 1978. Duk ƙasar jiha tana hannun gwamna ne amana, abin da mutum yake da shi izinin zama ne, yawanci na shekara 99. Sashe na 22 yace ba a sayarwa ko jinginar da fili mai takardar gwamnati sai da amincewar gwamna, kotun ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Sa hannun mai unguwa shaida ce mai amfani amma ba ita ce mallaka ba. Dillalin da bai san yadda ake zuwa hukumar adana bayanan filaye, wato KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a bincika fayil ba, a ga sunan wa yake kai, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai rigima a kansa, to wlh zai jefa mutane a rami ko da niyyarsa mai kyau ce. Gidan gado kuma kar ka kuskura ka karɓi kafin alƙalami sai kaga takardar rabon gado daga kotu ko duk magada sun sa hannu, har matan da suke gidan aure a wani gari, don yawancin shari'un da muke gani daga nan suke tasowa, babban wa ya sayar ƙannai mata basu sani ba.

Abban Sadiq:
Barista takardar ma wani lokacin bata ceto. Waɗanda aka yi wa rusau a Filin Idi da Daula a 2023 da yawansu ai da takardu a hannu.

Admin:
Dan Allah kar a shigo da siyasa, an san ƙa'idar gidan nan.

Barista:
Ba siyasa zan yi ba Admin, amsar doka ce. Sashe na 28 na dokar ƙasar ya bawa gwamna ikon soke izini don amfanin jama'a, ko anyi daidai ko ba a yi ba wannan aikin kotu ne. Darasin dillali a nan shi ne ya tambayi asalin wajen, da makaranta ne, da maƙabarta ce, hanyar ruwa ce, ƙarƙashin babbar wayar wuta ne, ya gaya wa mai saye gaskiya kafin ya zuba kuɗinsa.

Na Houston:
Bari na baku yadda ake yi a nan Amurka tunda ni ina da lasisin a jihar Texas. Ba gwamnatin tarayya ke bayarwa ba, kowace jiha da nata tsarin. A Texas sai kayi awa 180 na karatu, darasi 6 kowanne awa 30, a ɗauki zanen yatsunka a binciki tarihinka, ka ci jarrabawa. California awa 135 ne, New York 77, Florida 63. Ba a neman digiri. Amma abin da zai baku mamaki, ko ka ci jarrabawar baka da ikon sayar da ko ɗaki ɗaya da kanka sai wani babban dillali mai lasisin sama ya ɗauke ka a ƙarƙashinsa, shi ke ɗaukar alhakin aikinka, ta hannunsa la'adarka take fitowa. Kafin ka zama babban kai ma a Texas sai kayi shekara 4 kana aiki ka ƙara karatu. Kaga maganar Baba ta neman uban gida su ma ita suke yi, sai dai su sun rubuta ta a doka. Duk shekara 2 ake sabunta lasisi, kowa zai iya shiga shafin hukumar ya rubuta sunanka ya ga ko an taɓa hukunta ka, kuɗin kafin alƙalami kuma baya shiga aljihunka, wani kamfani na tsakiya ne yake riƙewa har a gama ciniki. Har asusu na musamman hukumar take da shi da ake biyan wanda mai lasisi ya cuta in kotu ta bashi gaskiya ya kasa karɓo kuɗinsa. Irin abin da Maman Hanif take nema kenan.

Kuma su ma ba mala'iku bane, a 2024 babbar ƙungiyar dillalan ƙasar NAR ta yarda zata biya dala miliyan 418 saboda ƙarar da masu gidaje suka kai kan yadda ake tsara la'ada, tun watan Agustan shekarar dole ka rubuta yarjejeniya da mai saye kafin ka fara zagawa da shi ganin gidaje.

Baba Dillali:
Madalla, ashe Turawan ma sun san ba a haihuwar dillali da wayonsa. To ku masu boko kun ji.

Ɗan Zongo:
Mu ma nan Gana an yi doka a 2020, mai lamba 1047, ta kafa majalisar da zata riƙa bada lasisi ga dillalan gidaje. A Kumasi dai har yanzu yawancin masu nemo wa mutane ɗaki a zongo basu san da ita ba, allo suke kafawa bakin titi da lambar waya, kuma sai ka biya kuɗin ƙafa kafin a nuna maka ɗakin.

Hajiya Mai Gidaje:
A Najeriya Legas ce tayi gaba, suna da hukumar LASRERA, gwamna ya sa hannu a dokarta a 2022, duk mai harkar gidaje a jihar sai yayi rajista da su kuma ana kai musu ƙara. Ni ina ganin jihohinmu na Arewa su ma ya kamata su yi, amma da sarakunan dillalai da masu unguwanni za a yi abin, in aka ce sai mai digiri to an kashe shi tun ran gini.

Ɗan Gwale ni mace ce kuma da wannan sana'ar nake riƙe gidana, daga sa hoton gidajen haya a status na fara. Abin da ba wanda ya gaya maka shi ne kuɗin baya zuwa kullum, zaka iya wata da watanni kana ƙona mai kana zaga mutane Sharaɗa zuwa Mariri ciniki bai faɗa ba, wani ma bayan ka nuna masa gida sai ya zagaya da daddare ya samu mai gidan su gama a bayanka. Shi yasa ni yanzu bana nuna gida sai mai shi ya rubuta min cewa ya bani sayarwa, nawa yake so, nawa ce la'adata. Mu a wajenmu haya kashi 10 ne, sayarwa kashi 5, wani wajen ya bambanta, kuma in kadarar babba ce ana zama a daidaita. Rajistar CAC ta taimake ni sosai wajen 'yan ƙasar waje da ma'aikatan banki, suna ganin asusun kamfani hankalinsu yake kwanciya. Amma sanin unguwa a wajen wani dattijo na koya, shi ya nuna min yadda ake duba bango a gane gidan yana shan ruwa ko da an shafe shi da sabon fenti, ka duba ƙasan bangon bayan gida da wajen sokawe.

Ɗan Gwale:
Ngd sosai Hajiya. To wata tambayar, naga wasu in mai gida yace miliyan 20 yake so sai su sayar 23 su riƙe ukun kuma su karɓi la'ada. Wannan ya halatta?

Malam Na Zaure:
Dillanci halal ne, Imamu Bukhari ya kawo cewa Ibnu Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan basu ga laifi a ladan dillali ba, kuma ya kawo maganar Ibnu Abbas cewa ba laifi mutum yace sayar da wannan tufa, abin da ya ƙaru a kan kaza naka ne. Amma ka lura mai kayan ne ya faɗa da bakinsa. In bai faɗa ba kai wakili ne, duk abin da aka sayar nasa ne, ka ɓoye masa miliyan 3 ka ci amana. Haka nan kawo abokinka yayi tayin ƙarya don mai saye ya ji tsoro ya ƙara, wannan shi ne najashu kuma Annabi SAW ya hana. Ɓoye aibin gida ma algus ne.

Baba Dillali:
Malam gaskiya ne, amma akwai masu gidan da in ka gaya musu an taya sama da abin da suka ce sai su fasa sayarwa su ce ashe yafi haka, ko su hana ka la'adar gaba ɗaya, wahalarka ta tafi a banza. Shi yasa yara suke ɓoyewa. Ban ce daidai bane.

Hajiya Mai Gidaje:
Ai Baba maganin kenan a rubuta tun farko. Ni a takardata akwai layin da yace in an samu sama da farashi ga yadda za a raba, mai gida ya sa hannu, shaida biyu su sa. Wanda yaƙi sa hannu na bar masa gidansa.

ESV Bazazzagi:
Mu a ƙa'idar aikinmu ko da yardar mai gida ba a so ka ci riba biyu a ciniki ɗaya ba tare da kowane ɓangare ya sani ba, za a iya kai ka gaban kwamitin ladabtarwa. Ɗan Gwale in kana da hali ka nemi ofishin mai rajista ka riƙa zuwa ko ba albashi, zaka ga yadda ake rubuta yarjejeniyar haya da yadda ake bin fayil, in abin ya shiga ranka ka koma makaranta kayi karatun fannin, shekarunka basu wuce ba.

Baba Dillali:
Yaje ofishin da safe, da la'asar yazo benci. Yaro in kana so ka min magana ta akwati, akwai gida biyu a hannuna wajen Gaida masu su suna gari kuma takardunsu a fili suke, kazo ka ga yadda ake kiran maƙwabta a tsaya a kan iyaka. Hajiya ke kuma ki turo min irin takardar taki na bawa jikana ya karanta min, in naga tayi zan kai wa sarkinmu ranar taro.

Maman Hanif:
Barista na turo maka hoton takardar ta akwati dan Allah ka duba min, har da rasit ɗin turawa ta banki, rabin kuɗin ta nan na biya rabin a hannu.

Barista:
Na gani Hajiya. Sunan da yake kan rasit ɗin ba shi ne sunan da yake kan takardar cinikin ba, daga nan za a fara. Ki ajiye asalin takardun kar ki bawa kowa ko da an ce sulhu za a yi, kwafi kawai zaki riƙa fitarwa.